Jakada Sharhabil da Rikicin Banɗaki

Shekara bakwai Sharhabil ya yi a Turkiyya, ya dawo Kawo da akwati ɗaya, kwat biyu, da bakin da ba ya gajiya. Tun kafin ya gama gaisawa da mutanen layinsu, kowa ya ji cewa hulɗar ƙasa da ƙasa ya karanto, kuma har ya yi aiki da ofishin jakadanci. Wane irin aiki ne, bai faɗa ba. Takardar gama karatu kuwa ya ce tana nan tafe, sai an buga mata hatimi a wurare uku tukuna. Direbobin tashar Kawo suka laƙaba masa Jakada. Shi ya ɗauka girmamawa ce, har yana ɗaga musu hannu ɗaya in sun kira.

Wata huɗu ya yi ba aiki, kuma bai iya zama wuri ɗaya ba. Da safe yana teburin mai shayi yana sasanta manyan ƙasashe, da rana yana shagon aski yana sake raba su. Kawunsa Lawan, tsohon ma'aikacin gwamnati wanda a ɗakin zaurensa Sharhabil yake kwana, ya gaji da ganin kwat tana shawagi a unguwa.

"Kai Sharhabilu, zo nan. Duniyar nan da kake ta gyarawa da baki, a cikinta ake neman abinci. Na yi magana da Hajiya Safara'u mai makaranta a Kurmin Mashi, malaminsu na darasin Gwamnati ya tafi. Za ta gwada ka zango ɗaya. In ka yi abin kirki ta riƙe ka. In ka ɓata, gonata tana Katabu babu mai kula da ita, can za ka koma."

"Haba Kawu, ni da gona? Makarantar ce ma za ta yi sa'a."

Ranar farko Hajiya Safara'u ta miƙa masa littafin da ake koyarwa da shi. Ya juya shi da yatsu biyu kamar wanda aka ba shi mataccen ɓera.

"Ranki ya daɗe, siyasar duniya ba a littafi ake koyon ta ba, yin ta ake yi. Ki ba ni mako shida. Ranar Taron Iyaye zan kafa miki Majalisar Ɗinkin Duniya a tsakar makarantar nan, yara su rattaba hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a gaban iyayensu. Duk Kaduna sai an ji."

"Ni dai su ci jarrabawa, Malam Sharhabil."

"Jarrabawar ce za ta ji tsoronsu."

Washegari ya tara manyan azuzuwa uku a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya ce daga yau su ba azuzuwa ba ne, ƙasashe ne, kuma kowace ƙasa da arzikinta. 'Yan aji shida ya ba su ƙofar makaranta, inda Harira mai awara take kafa kaskonta lokacin tara. Shugabansu Salim, dogon yaro mai gashin baki uku da yake ji da su. 'Yan aji biyar ya ba su famfon burtsatse, famfo ɗaya tak a makarantar. Shugabarsu Sadiya, wadda ba a taɓa cin ta a musu ba. Da aka zo kan 'yan aji huɗu sai ya waiga hagu, ya waiga dama, babu abin da ya rage sai shingen banɗakuna, na maza da na mata da na malamai duk a ciki, ƙofar ƙarfe ɗaya. Ya ba su.

Dariya ta ɓarke. Nan take aka raɗa sunaye: Tarayyar Ƙofa, Jamhuriyar Famfo, da Masarautar Banɗaki.

"Ku yi shiru ku ji darasi na farko," in ji Sharhabil, hannu ɗaya a aljihu. "A harkar ƙasashe babu 'don Allah', babu 'albarkacin zumunci', babu 'ai mun saba'. Abin da ke hannunka shi ne bakinka. Wanda ya taka ka, ka sa masa takunkumi. Wanda zai shigo ƙasarka, ya nemi biza. Kun gane?"

"Mun gane, Malam!"

Bai taɓa jin amsa mai daɗi irin wannan ba. Bai kuma lura da yadda idon Sadiya ya yi haske ba.

Bayan an watse, Umaima shugabar aji huɗu, 'yar siririya mai tabarau, ta biyo shi ofis.

"Malam, an ci mana mutunci. Kowa da abin nunawa, mu banɗaki?"

Sharhabil ya rufe ƙofa rabi, ya sassauta murya. "Darasi na biyu, yarjejeniyar sirri. Ranar taro ke zan naɗa Babbar Sakatariyar Majalisa. Kada kowa ya ji."

"A rubuta, Malam."

Ya rubuta, ya sa hannu, har da jan layi biyu a ƙasa. Kwana biyu bayan nan Salim ya zo ƙorafin cewa su ne manya amma ba a ba su girmansu, shi ma ya fita da takarda. Ranar Juma'a Sadiya ta zo, ita ma ta fita da tata. Sharhabil ya kwanta a kujera yana jin daɗin kansa. Kujera ɗaya, takarda uku. Kafin ranar ai yara sun manta.

Mako na biyu Jamhuriyar Famfo ta sanar da cewa duk ɗan aji shida da zai cika buta sai ya ba da awara ɗaya. Tarayyar Ƙofa ta mayar da martani kafin a tashi: awara ba za ta ƙara tsallaka ƙofa zuwa bakin ɗan aji biyar ba, har da yajin. Salim ya kafa ƙarti huɗu a bakin ƙofa suna shinshina hannun duk wanda ya dawo daga tara. 'Yan aji biyar suka koma jefo kwano ta katanga da igiya, aji shida suka kama kwano uku suka tsare.

Harira ta tare Sharhabil a bakin titi, matsami a hannu.

"Malam, kai ne mai takunkumi?"

"Ba ni ba ne, Inna, ƙasa ce ta sa."

"Wace ƙasa? Salim ɗin da na sani tun yana yawo ba wando? Jiya rabin awarata na mayar gida, miji na ci, 'ya'ya na ci, har akuya ta ƙi. Wai ni me na yi wa aji biyar?"

"Ke ba ki yi komai ba. A ilmance ana kiran irinku waɗanda rikici ya rutsa da su."

"To ka gaya wa ilminka, in rikici ya sake rutsawa da ni, man kaskon nan zai rutsa da kwat ɗin wani."

Mako na uku abin ya fita waje. Shekara da shekaru 'yan garuwar unguwa suna ɗibar ruwa a famfon makarantar, Hajiya ta bar musu sadaka. Ranar Talata suka tarar da tebur a gaban famfo, Sadiya na zaune da hatimin da ta sassaƙa da ɗankali. Sambo, babbansu, Bazamfare mai faɗin kafaɗa, ya jingine kurarsa ya shigo har ɗakin malamai.

"Wane na Malam Jakada? Kai na? Shekara tara muna ɗibar ruwa wurin ga, yau ɗiyan ga sun ce sai mun kawo biza da hoto biyu. Mi a biza?"

"Takardar izinin shiga ƙasa ce."

"Ni Kurmin Mashi ni zaka, ba Makka ba!"

Kafin azahar matan layi uku sun aiko a ji dalilin da ruwa bai zo ba, wata ta aiko da tukunyar da ta ɗora babu ruwa don a gani da ido. Ana cikin haka malamin Lissafi ya shigo yana huci: wani ɗan aji biyar da bai yi aikin gida ba ya tsere ajin 'yan shida ya nemi mafakar siyasa, sun ce ba za su miƙa shi ba sai da takarda daga Majalisa. Malamin Islamiyya kuma ya ce shi abin da ya gani bai taɓa gani ba: an buɗe wa masu alwala abin da Sadiya ta kira hanyar jin ƙai, rabin buta kowane mutum, wanda ya yi wanki uku-uku sai ya tsaya a gwiwar hannu.

A mako na biyar Hajiya ta kira Sharhabil ofis.

"Malam Sharhabil, makarantata ce ko fagen daga?"

"Ranki ya daɗe, abin da kike gani nasara ce. Sai an yi rikici ake sulhu. In ban bar su sun ɓata ba, me za su sasanta a gaban iyaye?"

"Mai unguwa ya kira ni sau biyu."

"Kin gani? Har ƙasashen waje sun fara sa ido."

"Ranar Asabar ta sama ne taro. Babban baƙo Alhaji Jamaluddeen ne, kakan Umaima, tsohon jakada, shekara talatin yana wannan aiki. In ka kunyata ni a gabansa, kada ka bari mu haɗa ido."

Da Sharhabil ya ji an ce jakada na gaske, sai ya gyara nakatayi ya ce, "Madalla. A ƙarshe dai zan samu wanda za mu yi magana da harshe ɗaya."

Duk wannan hayaniya Masarautar Banɗaki ba ta ce uffan ba. Ana yi musu dariya, ana toshe hanci in sun wuce, aji biyar na hana su ruwa, aji shida na hana su awara don sun ƙi shiga ɓangare. Umaima tana dai rubutu a littafinta.

Ranar Asabar aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, iyaye suka cika wuri: ma'aikatan sakatariya da manyan riguna, iyaye mata da mayafai masu tsada, Kawu Lawan a layi na biyu ya ɗora hula a goshi. Hajiya ta sa an kawo zoɓo da kunun aya masu sanyi cikin manyan kuloli, ga rana ta buɗe, kowa ya sha ya ƙara. Alhaji Jamaluddeen, dattijo fari tas mai sanda, ya sha kofi uku yana yaba wanda ya dama.

Sharhabil ya hau mumbari don jawabin buɗe taro na minti biyar. Ya fara daga yaƙin duniya na farko. Da ya kai na biyu an yi minti arba'in. Ya bi ta kan tekuna, ya ratsa hamada, ya faɗi abin da ya gaya wa wani minista a wani otal da bai ambaci sunansa ba. Iyaye suna ta shan zoɓo don kada barci ya ɗauke su. Sa'a ɗaya da kwata, mutane suka fara motsi a kujera, wannan ya ɗora ƙafa kan ɗaya, wancan ya sauke.

Alhaji Jamaluddeen ne ya fara miƙewa, a hankali, da murmushin manya, ya nufi bayan azuzuwa. Mutum biyar suka samu ƙwarin gwiwa suka bi shi. Ba a jima ba aka ji wata murya daga can.

"Kai! Wa ya sa kwaɗo a nan?"

Ƙofar ƙarfen a rufe take da kwaɗo sabo fil, irin na shagon Kasuwar Barci. A gabanta 'yan aji huɗu sun yi sahu, Umaima a tsakiya da takarda. Ta gyara tabarau ta karanta da ƙarfi:

"Masarautar Banɗaki tana sanar da duniya cewa daga ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar yau ta rufe iyakarta, har sai an ɗage mata takunkumin ruwa da na awara, an kuma cika mata alkawari."

Sharhabil ya diro daga mumbari, kwat na tashi a bayansa.

"Umaima, buɗe. Don Allah buɗe."

"Malam, kai ka ce babu don Allah."

"Kakanki ne fa!"

"Babu albarkacin zumunci, Malam. Yana shafi na biyu."

Layi ya fara tsawo. Wani Alhaji mai ƙaton ciki ya ce shi darakta ne, wani ɗan aji huɗu ya tambaye shi ko da biza. Wata mata ta ce a ba ta buta kawai ta san yadda za ta yi, sai aka tarar Jamhuriyar Famfo ta cire kan famfon tun safe ta ɓoye, saboda tsaron ƙasa. Masu neman fita su tsallaka maƙwabta suka tarar Tarayyar Ƙofa ta ja ƙofa, wai babu shige da fice sai an gama zaman Majalisa.

"A yi zaman gaggawa!" Sharhabil ya yi ihu, gumi na bin nakatayi. "Masu goyon bayan a buɗe iyaka su ɗaga hannu!"

Iyaye ma suka ɗaga, wasu hannu biyu. Salim ya miƙe a natse, ya shafa gashin bakinsa.

"Tarayyar Ƙofa ta hau kujerar na-ƙi."

"Salim, ubanka na cikin layin nan!" wani ya faɗa daga baya, kuma uban ne da kansa.

Hajiya Safara'u ta ce a kawo guduma a fasa kwaɗon. Sai Alhaji Jamaluddeen ya ɗaga sanda. Yana tsaye ne a wani irin yanayi, gwiwoyi a haɗe, amma muryarsa ba ta girgiza ba.

"A'a, Hajiya. Shekara talatin ban bari an fasa iyakar kowa a gabana ba, ba zan fara da ta jikata ba. Shugabannin nan uku, ku matso. Da sauri dai. Ranki ya daɗe ta Banɗaki, wane alkawari aka yi miki?"

Umaima ta zaro takarda. "Ni ce Babbar Sakatariya."

"Ƙarya ne!" in ji Sadiya, ta zaro tata.

Salim ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya sa hannu a aljihu a sanyaye ya fito da ta uku.

Dattijon ya jera takardun a tafin hannu. Rubutu ɗaya, sa hannu ɗaya, layi biyu-biyu a ƙasa. Ya ɗago ya dubi Sharhabil.

"Samari, an ce ka yi aiki da ofishin jakadanci. A wane sashe aka koya maka wannan?"

"Ranka ya daɗe, sashen... wato ɓangaren hulɗa da..."

"Wa ke shugabantar sashen?"

Ana ta jin ƙarar takalman masu dirzawa a ƙasa.

"Gidan abinci ne a tsallaken ofishin, ranka ya daɗe. Ni nake kai musu na rana. Amma har ciki nake shiga."

Kawu Lawan ya janyo hularsa ta rufe ido. Daga bakin ƙofa aka ji Harira, wadda ta leƙo ta saman katanga, ta ce, "Ashe abokin sana'a ne! Shi ne za ka hana ni ciniki?"

Alhaji Jamaluddeen bai yi dariya ba, ba shi da halin yi. Ya juya ga yaran. "Kun ga wanda ya haɗa ku. Minti ɗaya na ba ku, ku kawo mini matsaya ɗaya, don wallahi ba ni da na biyu."

Shugabannin uku suka haɗa kai. Mako biyar ba su yarda da juna a kan komai ba, amma wannan ko rabin minti bai ɗauka ba. Sadiya ce ta yi magana.

"Ƙasashe uku sun amince, babu mai na-ƙi. Za a buɗe ƙofa, a mayar da kan famfo, a cire kwaɗo. Sharaɗi ɗaya: Malam Sharhabil ya zama baƙon da ba a so, ya bar ƙasashenmu kafin la'asar."

Kowa ya waiga ga Hajiya.

"La'asar ta yi nisa," in ji ta. "Na sa hannu."

Umaima ta ciro mabuɗi daga cikin safa. Kwaɗo ya ce ƙaras, Alhaji Jamaluddeen ya miƙa wa na kusa sandarsa ya shige da saurin da ba a san yana da shi ba, darakta na biye. Da ya fito, fuska a sake, ya tsaya ya gaya wa Hajiya cewa bai taɓa ganin ɗalibai da suka fahimci darasi haka ba, kuma kada ta kuskura ta sake bari a koya musu.

Ranar Litinin da sassafe aka ga Sharhabil a tashar Kawo, cikin kwat, da akwatinsa, Kawu Lawan na gefe riƙe da wani abu a naɗe cikin buhu. Direbobi suka taso.

"Jakada! Ina zuwa haka? An ce yara sun yi maka juyin mulki."

"Ku ba ku san aikin ba ne. Jakada ba ya daɗewa wuri ɗaya. Na gama aikina, ƙasashe uku sun haɗa kai a karon farko, ku tambayi kowa. Yanzu an yi mini canjin wurin aiki."

"Zuwa ina? Turai?"

"Arewa da nan."

"Katabu mutum ɗaya! Katabu mutum ɗaya!" in ji mai lodi, yana buga bayan mota.

Kawu Lawan ya tura shi ciki, tsakanin buhun taki da wata tsohuwa mai kaji, sannan ya kwance buhun ya ɗora masa fartanya a cinya.

"Ga takardar kama aiki. Kuma ka ji da kyau: akwai maƙwabcin gona, mutumin kirki ne, shekara ashirin ba mu taɓa sa-in-sa ba. Ko gaisuwa ce, ka yi masa da hannu daga nesa."

Sharhabil ya leƙo ta taga, idonsa ya kawo haske.

"Kawu, shekara ashirin? To iyakar da ke tsakaninku, a rubuce take?"

"Direba, ja motar nan!"